Jar Akuya

Gawa ce Baba ya sayo
a bayan shagon wani dillalin gujiya.
Pijo ce da ta manta shekarunta,
ba taya, ba fitila,
kaza ta yi ƙwai bakwai a kujerar direba.
Shanu biyu suka ja ta har Bagalam,
yara na bin su da ihu.
Inna ta leƙo daga madafa:
"Barmo, kuɗin rufin ɗakin ke nan?"
Ya ce, "Ga rufi, har da ƙofa huɗu."

Damina uku tana zaune a kan bulo.
Ni ne mai riƙon fitilar ƙwai,
ni ne mai neman noti in ya faɗa rairayi.
Injin daga Jibiya ya zo, a buhu biyu,
ya fi ƙarfin ƙirjinta,
sai da Tsahiru mai walda ya faɗaɗa mata haƙarƙari.
Baba ya datse bututun hayaƙi da gangan,
wai muryar da aka danne ba ta kai saƙo.
Ya shafe ta da ja, jan akuyar garinmu,
sunan ya bi ta tun fenti bai bushe ba.

Ranar da ta tashi, asuba ce.
Ladan ya yi shiru a tsakiyar kira,
ya sake daga farko.

Daga nan kowace Lahadi, Madarunfa.
Mu tara a ciki, da tukunya, da tabarma,
Inna a gaba, ta riƙe ɗankwali da hannu biyu,
tana salati, tana cewa ya rage,
in ya rage kuma ta ce, "Yau me ya same ta?"
Mun dawo da ƙarnin kifi a kujeru,
ya yi shekara ashirin bai fita ba.
Yashin gulbi ya kama manyan motoci,
ita ta haye tana tari, tana dariya.
Ta kai amare, ta ɗauko masu jego,
sau ɗaya ta mutu a gaban gidan surukaina,
na tura ta da babbar riga.

Sai Baba ya kwanta.
Sai aka ɗauke shi a motar da ba ya so,
fara, mai shiru.
Na rufe Akuya da tamfol a gindin bedi,
na ce gobe.
Goben ta yi shekara goma sha ɗaya.
Wani Alhaji ya taya ta, kuɗin fili guda,
Inna ta ce masa, "Ba ta gida."

Sahiya ce ta yaye tamfol ɗin,
'yata, da hutun makaranta da taurin kan kakanta.
Ɓeraye sun cinye wayoyi,
zanzaro ya yi gini a cikin kabireta.
Yanzu ita ke kwance a ƙasa, baƙin mai har gwiwar hannu,
ni kuma na koma aikina na farko:
riƙon fitila.
"Baba, haska nan. A'a, nan."
Haka shi ma yake cewa, da wannan gajen haƙuri.

Ta tambaye ni me ya rage na asali.
Na duba: an sake taya, an sake ƙofa,
gilashi na uku ne, injin na biyu.
Sai sitiyari,
inda babban yatsansa ya cinye roba
ya bar ɗan gurbi mai santsi.
Ta ɗora nata, bai cika ba.

Jiya ta tashi.
Tantabarun unguwa suka watse,
maƙwabci ya fito ba hula yana faɗa.
Inna, da sanda, da idon da ba ya gani sosai,
ta laluba ta buɗe ƙofar gaba da kanta,
ta zauna, ta kama ɗankwali da hannu biyu,
ta ce wa jikarta, "Kada ki yi gudu."
Muna wuce kasuwa ta ce,
"Iyakarta ke nan?"